A Biya Mana Turanci Da Hausa

Kwanakin baya, wata ranar Asabar da hantsi, ina zaune a ƙofar gida ina duba waɗansu tsofaffin takardu, sai ga wani yaron maƙwabtanmu, wanda ya gama sakandare shekara biyu da suka wuce, ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe ni, sa'an nan ya zaro wata takarda a ninke huɗu daga aljihun gaban rigarsa, ya ce, “Baba, wasiƙar neman aiki ce na rubuta, ina so ka duba mini kafin in kai.” Na karɓa na buɗe, na tarar da rubutun hannu mai kyau, an tsara adireshi da kwanan wata bisa ƙa'ida, amma cikin layi goma sha biyu da ya rubuta babu jimla ɗaya da ta tsaya da ƙafafunta tun daga farko har ƙarshe, manyan kalmomi ga su nan birjik, irin waɗanda ake haddacewa domin jarrabawa, sai dai an jera su ne kamar tubalin da aka ɗora babu laka a tsakani. Na tambaye shi mene ne suna a nahawun Turanci, ya karanto mini ta'arifinsa da ka bai yi ko tuntuɓe ba; na tambaye shi aikatau, ya karanto; na ce ya lissafa mini azuzuwan kalma guda takwas, ya zubo su kamar mai tilawa. Daga nan na ce, “To, ɗana, ajiye takardar, ka faɗa mini da Hausa abin da kake so mai ɗaukar aikin nan ya sani game da kai.” Yaron nan ya yi mini bayani tsaf, da hankali da ladabi da hujja, wanda da a ce shi ne ya sauka a takardar da Turanci, da babu wanda zai ture ta gefe.

Tun daga ranar maganar ba ta bar zuciyata ba, domin yaron nan ba dolo ba ne, ba kuma malalaci ba ne, ga shi ya shafe shekara goma sha biyu, shida a firamare shida a sakandare, ana koya masa Turanci kusan kowace ranar makaranta, har ma da shi ake koya masa lissafi da kimiyya da tarihi. In kuwa mutum mai lafiya da hankali ya yi shekara goma sha biyu yana neman abu ɗaya bai same shi ba, to wajibi ne a daina tuhumarsa, a koma a tuhumi hanyar da aka bi da shi. Abin da na gano, bayan na daɗe ina yi masa tambayoyi, shi ne cewa a tsawon shekarun nan duka ba a taɓa samun malami ɗaya da ya rubuta jimlar Hausa a allo, ya rubuta ta Turanci a ƙarƙashinta, ya ce wa yara, ku duba, ga inda suka dace, ga kuma inda suka rabu ba. An koya masa nahawun Turanci ne da Turancin da bai riga ya ji ba, aka kulle mabuɗi a cikin akwatin da ake so ya buɗe. Ra'ayina kuwa, wanda na riƙe da gaske kuma nake fatan masu ruwa da tsaki a harkar ilimi za su dube shi da idon basira, shi ne a yi wa ɗan Bahaushe bayanin nahawun Turanci da luggarsa da harshen Hausa, a fili ba a ɓoye ba, yadda malamanmu na zaure suka yi shekaru ɗaruruwa suna yi wa Larabci.

Na san inda wannan tsoro na shigar da Hausa ajin Turanci ya samo asali, domin ni ma na ɗanɗana shi. A makarantar kwanan da na yi, yin Hausa laifi ne mai hukunci: akwai ɗalibin da aka naɗa yana yawo da ɗan littafi yana rubuta sunan duk wanda ya ji ya yi ta, ranar Asabar a kira sunaye a ba kowa lauje ya tafi yankan ciyawa. Abin da dokar ta haifar a ajinmu shi ne shiru. Yaran da na sani da kaifin baki da iya tambaya a gida, waɗanda ba sa barin magana ta wuce su sai sun bi diddiginta, sun koma kamar bebaye a gaban malami, suna kwafar abin da ke allo ba tare da sun fahimta ba, domin tambaya ba ta halatta sai da harshen da ba su da shi tukuna. Har yau ina jin zafin wannan hasara, domin na san adadin waɗanda suka bar karatu suna zaton su ne ba su da ƙwaƙwalwa.

Alhali kuwa mu ba baƙi ba ne a sha'anin koyon harshen da ba a haife mu a cikinsa ba, kuma ba mu ne farkon ajamawan da suka fuskanci wannan mas'ala ba. Malaman tarihin Larabci sun ruwaito cewa abin da ya sa aka fara tsara ilimin nahawu, tun zamanin Abul Aswad Addu'ali, shi ne yawaitar kurakurai a bakin mutane bayan da Musulunci ya yaɗu, Larabawa suka cuɗanya da waɗansu al'ummu. Wato tun asalinsa nahawu magani ne da aka haɗa domin ciwon da aka gani da ido a harshen mai koyo. Sibawaihi, wanda ya rubuta Alkitab a Basra a ƙarni na biyu bayan Hijira, littafin da har yau shi ne uban littattafan wannan fanni, Bafarishe ne. Ibn Ajurrum, mai Ajurumiyya, wanda ya rasu a Fas a shekarar 1323, daga ƙabilar Sanhaja ta Barbar ya fito. A nan gida kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829, Bafillace ne da ya tashi a ƙasar Hausa, amma ya nutsa a cikin Larabci har ya wallafa Bahrul Muhiɗ a fannin nahawu da Hisnur Rasin a fannin sarfu, duka biyu a waƙe. Tun kafin su duka, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu ɗan Sabit da ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙunsu, wanda hakan ya isa hujja ga duk mai shakkar halaccin neman harshen wata al'umma domin bukata.

To, yaya malamanmu suke yi? Duk wanda ya taɓa zama a zaure bayan sallar asuba ya ga abin da idonsa. Ɗalibi ya matso gaban malam da littafinsa, ya karanta guntuwar jimla, malam ya biya masa ita da Hausa kalma bayan kalma, yana nuna masa wanda ya yi aikin da wanda aikin ya faɗa a kansa, in an zo wurin da Larabci ya gabatar da abin da Hausa take jinkirtawa ya tsaya ya nuna, in an zo kalmar da ba ta da takwara a Hausa ya kewaya ta da misali har sai ta zauna. A haka ake sauke Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, a sha lugga a Ishiriniya da Maƙamomin Hariri guda hamsin, kuma sai bayan kunnen ɗalibi ya cika da jimlolin Larabci na gaske, sa'an nan ake ɗora masa Ajurumiyya, daga baya Alfiyyar Ibn Malik mai baiti kusan dubu, ta yadda idan aka ce masa fa'ili ko maf'uli, ko mubtada da habari, suna ne kawai ake raɗa wa abin da ya riga ya daɗe yana gani. Nassi ne a gaba, ƙa'ida tana biye, Hausa kuwa ita ce fitilar da ake haska su duka biyun da ita. A ajin Turanci mun juya wannan tsari, mun sa ta'arifi a gaba, mun bar nassi a baya, fitilar kuma mun hure ta.

Bari in nuna abin da nake nufi da misalai, domin kuskuren Bahaushe a Turanci ba a warwatse yake ba, yana da ƙofofi sanannu da yake shigowa ta cikinsu, kuma kowace ƙofa tana daidai wurin da ginin harsunan biyu ya saɓa. Babbar cikinsu ita ce ta lokaci. A Hausa lokaci ba ya taɓa jikin aikatau, yana rataye ne a ƙaramar kalmar da ke gabansa: na zauna, zan zauna, nakan zauna, in zauna; “zauna” yana nan yadda yake, lamirin ne yake sauya riga. Turanci kuwa yakan shiga cikin aikatau ɗin kansa ya sauya shi, “sit” ya koma “sat”, “go” ya koma “went”, kuma akwai aikatau kusan ɗari biyu da ba sa bin ƙa'idar ƙara “ed”, waɗanda galibinsu su ne aka fi amfani da su kullum. Yaron da ya ce “yesterday I go” hankalin Hausa ya bi, wanda yake gaya masa cewa tunda an ambaci jiya, aikatau ba shi da sauran aiki. In an nuna masa haka sau ɗaya da harshen da yake ji, ya san abin da zai riƙa tsaro, in kuwa jan biro kawai aka yi masa aka wuce, gobe ma zai maimaita.

Haka nan “na ci” guda ɗaya ce a wurinmu, amma Turanci ya raba ta biyu, “I ate” da “I have eaten”, ya kuma shar'anta cewa idan aka ambaci lokacin da ya shuɗe, kamar jiya ko bara, ta farko ce kaɗai ta halatta. Muna cewa ina da ƙanne biyu, ina son ruwa, da siffar aikin da ake cikin yi, shi ya sa yaro yake rubuta “I am having two brothers”, alhali Turanci ba ya yarda a sa aikatau na mallaka a wannan siffa in mallakar ake nufi; a ɗaya gefen kuma muna cewa na sani, na gane, da siffar abin da ya wuce muna nufin yanzu, inda Bature zai ce “I know”. Muna tashi za mu fita mu ce ina zuwa, kowa ya fahimci tafiya za mu yi mu dawo, amma wanda ya ce wa baƙo “I am coming” yana ba shi baya ya bar shi cikin ruɗani. Rana da mota da ƙasa duk mata ne a nahawunmu, Turanci ya tara su a ƙarƙashin “it”. Mu kuma mun bambanta kai da ke da ku, shi ya dunƙule su a “you”. Akwai ma wadda takan iya jawo cutarwa ta haƙiƙa, ita ce amsar tambayar korewa. In aka ce wa Bahaushe, ba ka sha maganin ba? sai ya ce, i, ban sha ba, domin shi maganar mai tambaya yake gaskatawa. Turanci kuwa yana duban aikin ne, in ba a sha ba amsar “no” ce. A ƙaddara majiyyaci a gaban likitan da ba ya jin Hausa, ya amsa da “yes” yana nufin bai sha ba, likita ya rubuta cewa ya sha. Wannan bambanci ba ya bukatar fiye da minti biyar na bayani da Hausa, amma na ga masu digiri da ba a taɓa yi musu shi ba.

Ba kullum saɓani ake tararwa ba, wani lokaci Hausa ce take riƙe da mabuɗin abin da ya fi wahalar da mai koyo. Ɗalibai a ko'ina suna kuka da aikatau na Turanci masu jan ƙaramar kalma a bayansu, waɗanda ma'anarsu take juyawa da juyawar kalmar. Amma Bahaushe da yake cewa fita, fito, fitar, ko shiga, shigo, shigar, ya riga ya san cewa aiki ɗaya yana iya fuskantar can, ko ya fuskanto nan, ko a sa wani abu ya yi shi. Abin da muke yi da ƙarshen aikatau, wanda masana nahawun Hausa suka tsara shi giredi-giredi tun aikin Parsons na 1960, shi Turanci yake yi da kalmomi biyu, ya ce “go out”, “come out”, “take out”. Malamin da ya jera waɗannan shida a allo, uku a sama uku a ƙasa, ya ba yara abin da shafi goma na ta'arifi ba zai ba su ba.

Sai maganar lugga, wato tara kalmomi, inda a ganina aka fi yin ɓarnar lokacin yara. An saba a ba su jerin kalmomi ashirin, kowace da ma'anarta ɗaya a gefe, a ce su haddace kafin Litinin. Duk mai jin Hausa ya isa ya gane raunin wannan hanya in ya tuna da kalmar “ci”. A ce wani baƙo ya haddace cewa ci shi ne sa abinci a baki; me zai fahimta in ya ji an ce wane ya ci jarrabawa, ko ya ci bashi, ko ya ci amana, ko ya ci sarauta, ko kasuwa tana ci, ko wuta ta ci gari? Haka “sha” take, ana shan ruwa da magani da taba da iska da wahala, haka “ji” take, ana jin magana da yunwa da ƙanshi da tausayi. Turanci ma yana da irin waɗannan, “take” da “get” da “make” da “put”, ƙanana a ido amma su ne ginshiƙan zance, kuma ba sa rarraba aikinsu yadda namu suke rarrabawa: magani a wurinsu ɗauka ake yi, ba sha ba, ƙanshi kuma ba a jinsa da kalmar da ake jin magana da ita. Kalma ba ta zama ita kaɗai, tana da maƙwabtan da ta saba tafiya da su, wanda kuwa ya san ta bai san maƙwabtanta ba, sunanta kawai ya ji. Shi ya sa malaman zaure ba su taɓa ba ɗalibi Ƙamus na Fairuzabadi su ce ya haddace ba, ko da yake daga sunan littafin nan, wanda ma'anarsa teku ce, muka samo kalmar ƙamus. A cikin baiti da ƙissa suke shayar da shi lugga.

Masu binciken koyar da Turanci su ma a nan suka tsaya. Michael West, wanda ya yi shekaru yana horar da malamai a Dhaka ta ƙasar Bengal, ya lura cewa yara suna gajiya da karatu ne saboda baƙin kalmomi sun yi musu yawa a kowane shafi, sai ya shiga rubuta littattafan karatu masu hawa-hawa, inda sabuwar kalma take shigowa jefi-jefi kuma a maimaita ta har ta zauna, daga baya a 1953 ya fitar da jerin kalmomi kusan 2,000 waɗanda su ne suka fi yawo a harshen. Wani masani na zamaninmu, Paul Nation na ƙasar New Zealand, ya ƙiyasta cewa mai son karanta jarida ko littafin labari ba tare da taimako ba yana bukatar tushen kalmomi tsakanin 8,000 da 9,000, domin karatu ba ya tafiya da daɗi sai in kalmar da ba a sani ba ba ta wuce ɗaya cikin hamsin ba. Wannan adadi ba ya haddatuwa daga jeri. Hanyarsa ita ce a riƙe dubu biyun farko da kyau, a cikin jimloli, da fassararsu, sa'an nan a saki yaro cikin littattafai masu sauƙi da yawa, waɗanda yake fahimtar kusan duk abin da ke cikinsu, ya yi ta karantawa har saura su taru. Abin da aka koya kuma a riƙa komawa kansa bayan kwana ɗaya, bayan mako, bayan wata; Ebbinghaus na Jamus ya auna saurin mantuwa a 1885, amma kowane gardi a tsangaya ya san cewa haddar da ba a yi mata tilawa guduwa take yi. Ga wanda ya taɓa sarfu kuma akwai wata garaɓasa, domin tun bayan da Normawa suka ci Ingila a 1066 kalmomin Faransanci da na Latin suka cika Turanci, kamar yadda na Larabci suka cika Hausa, kuma suna da saiwoyi. Wanda ya san yadda kitabu da katibu da maktabu suka fito daga tushe ɗaya ba zai sha wahalar ganin “port”, mai ma'anar ɗauka, a cikin “import” da “export” da “transport” ba.

Akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Mafi ƙarfinsu ita ce hanyar fassara tana fitar da mai karatu, ba ta fitar da mai magana. Kuma gaskiya ne mun san malamai da za su warware maka baiti mai wuya su yi masa i'irabi harafi-harafi, amma in Balarabe ya tsaya a gabansu zance ya yi musu nauyi. Na yarda da wannan ba tare da wani kewaye-kewaye ba. Harshe sai da motsa baki, kuma ajin Turancin da Hausa ta cinye shi daga farko har ƙarshe ya ci amanar yara kamar yadda wanda aka haramta Hausa a cikinsa ya ci. Abin da nake kira gare shi shi ne a ba Hausa aikin bayani, ta ɗauki minti goma ta warware ƙulli, sauran lokacin kuma yara su yi ta faɗa da ji da rubutawa da Turanci, rabonta yana raguwa gwargwadon yadda aji yake hawa, har ranar da ɗalibi zai iya buɗe ƙamus irin na Hornby, wanda shi ma daga koyar da ɗaliban Japan ya samo shi, ya fahimci bayanin Turanci da Turanci.

Waɗansu kuma sukan kafa hujja da Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, su ce ai da Turanci zalla aka horar da su Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda fasaharsa ta sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya, ya tsaya a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960 duniya ta saurara. Amma a tuna cewa ɗaliban Katsina 'yan kaɗan ne da aka tsamo daga larduna, suna kwana suna tashi tare da malaman da Turanci harshen uwarsu ne, kuma kafin su isa can sun fara karatun boko ne da Hausa, bisa tsarin da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya kafa a Nassarawa ta Kano tun 1909. A tuna kuma cewa shi wannan mai muryar zinariya shi ne ya rubuta Shaihu Umar da Hausa, ɗan'uwansa a makarantar kuma, Abubakar Imam, shi ne ya rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, ya riƙe Gaskiya Ta Fi Kwabo tun fitowarta a 1939. Turancinsu a kan Hausa mai ƙwari aka gina shi. Irin wannan ne Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka jarraba a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara dukan darussan firamare da Yarbanci shekara shida, Turanci yana matsayin darasi guda, kuma da aka auna ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba, a waɗansu fannoni ma sun fi su. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta amince da harshen uwa a shekarun farko na firamare, gwamnatoci kuma sun yi ta kai da komo a kan wannan batu. Amma ko wane harshe aka zaɓa domin koyar da lissafi, babu abin da zai hana malamin Turanci ya yi wa yaro bayanin “did” da harshen da yake ji. Inda aji ya haɗa yara masu harsuna daban-daban, kamar a Kaduna ko Jos, malami ya duba abin da ya fi dacewa, domin haƙƙin da nake nema wa ɗan Bahaushe shi ne haƙƙin ɗan Kanuri da ɗan Nupe da ɗan Tibi, kowa da harshensa.

Al'amarin ba ƙarami ba ne, tunda ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci a jarrabawar WAEC ko NECO, kuma takardar Turanci tilas ce ga kowa a jarrabawar JAMB, ta yadda yarinyar da Allah ya ba basirar likitanci tana iya tsayawa a bakin ƙofa saboda “has” da “have”. Ƙamusoshi muna da su, tun daga na Bargery na 1934, wanda aka yi domin Turawa masu koyon Hausa, zuwa Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner na 1965, wanda ya fuskanci Bahaushe mai koyon Turanci. Abin da nake roƙon malaman sashen Hausa da na sashen Turanci a jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo shi ne su zauna a tabarma ɗaya su fitar da ɗan ƙaramin littafi, wanda bai fi Ajurumiyya kauri ba, a rubuce da Hausa mai daɗi, an gina shi a kan ainihin kurakuran da suke gani a takardun ɗalibansu, kowane babi jimlar Hausa a sama ta Turanci a ƙasa, mai arahar da uba zai iya saya wa ɗansa, a kuma koyar da shi a kwalejojin horar da malamai kafin a kai shi aji.

Shi kuwa yaron nan, a ranar ba mu tashi ba sai da muka sake wasiƙar. Yakan faɗi jimla da Hausa, mu rage ta har ta zama gajera, sa'an nan mu nemi yadda Turanci yake faɗin wannan ma'ana, manyan kalmomin da ya jera kuwa muka zubar da fiye da rabinsu. Tun daga nan yake zuwa kowace Asabar da wani ɗan littafin labari mai sauƙi da na ba shi aro, ya karanta shafi biyu a bayyane, in biya masa inda ya tsaya. Makon jiya muna kan tambaya da korewa, ina nuna masa cewa ana cewa “he went” amma a ce “he did not go”, sai ya yi shiru yana duban takardar, can ya ɗago kai ya ce, “Baba, ashe nan irin namu suka yi. Lokacin ya koma kan ƙaramar kalmar da ke gaba, aikatau ɗin bai motsa ba, kamar na zauna da zan zauna.” Na ce masa haka ne, ya rubuta shi a bayan littafinsa da kalmominsa, da Hausa. Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga “a” da “the”, na kuma ce ya zo da ƙanwarsa da ke aji biyu na ƙaramar sakandare.